Tarbiyyar ɗalibai: sai bakin manya ya zo ɗaya

Da wuya a sami makarantar da babu yaron da malamai ke saɓani a kansa. Malamar lissafi ta ce ya gagari kowa, ba ya zama, ba ya barin wani ya zauna. Malamin kimiyya ya ce shi bai taɓa ganin aibunsa ba, hasali ma shi ke taya shi kwashe kayan gwaji bayan darasi. Maigadi kuwa, da za a tambaye shi, ya san abin da su biyun ba su sani ba: yaron kusan kullum a makare yake isowa, a guje, ido jajir. Duk su ukun gaskiya suka faɗa. Sai dai ba su taɓa zama wuri ɗaya sun haɗa abin da kowa ya gani ba, kuma babu inda jadawalin makarantar ya tanadi irin wannan zama.

Abin da aka saba ɗauka shi ne, ɗa'a daga gida yaro ke zuwa da ita, mai kyau ko marar kyau, aikin makaranta kuma ta hukunta wanda ya kauce. Shi ya sa makarantu da yawa ke ware mutum ɗaya, malamin ladabtarwa ko mataimakin shugaba, a jibga masa duk mai laifi. Sauran malamai su koyar, shi ya ji da masu taurin kai. Tsarin yana da sauƙi, amma wanda ke yanke hukunci ba ya ajin lokacin da abin ya faru, wanda ke ajin kuma ya riga ya zare hannunsa. Yaro ya je ofis, ya sha faɗa ko horo, ya dawo ajin da ya baro, ga malamin da ya baro, ga darasin da ya gagare shi yana nan yadda yake. Gobe ma haka.

Wannan tunani ya daɗe da samun ƙalubale. A shekarun 1970 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Ingila, Michael Rutter, da abokan aikinsa sun bi diddigin ɗalibai a makarantun sakandare 12 na cikin birnin Landan, aka fitar da sakamakon a 1979. Makarantun duk daga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi suke ɗibar yara, amma tazarar da ke tsakaninsu wajen zuwa makaranta, natsuwa a aji da cin jarrabawa mai faɗi ce, kuma ba ta ɓace ba ko da aka yi la'akari da irin yaran da kowacce ta ɗauka tun farko. Tsufan gini ko girman makaranta bai bayyana bambancin ba. Yanayin da manya suka shimfiɗa ne ya bayyana shi. Inda malamai ke tsara darussa tare, inda ƙa'idar ladabtarwa ta makaranta ce baki ɗaya ba kowane malami da tasa ba, inda ake yaba wa yaro in ya yi daidai, nan ɗa'a ta fi kyau. Yawan hukunci kuwa bai nuna wata alaƙa ta kirki da gyaruwar hali ba. Masu binciken sun ƙiyasta cewa yaro yana shafe sa'o'i kusan 15,000 a makaranta daga shigarsa zuwa gamawarsa, lokacin da ya isa ya sauya mutum ko ta wace fuska.

Me ya sa saɓanin manya ke da irin wannan tasiri? A ɗauki abu ƙarami, shiga aji a makare bayan an kaɗa ƙararrawa. Malamin darasin farko ba ya ko ɗaga kai. Na biyu yana tsayar da yaro a bakin ƙofa har a tashi. Ta uku kuwa ya danganta da yadda ta tashi ranar. Abin da yaro ya koya a nan ba muhimmancin lokaci ba ne. Ya koyi karanta fuska, ya koyi cewa doka ra'ayin mutum ce, kuma ana iya gwada ta. Masana halayyar ɗan Adam tun zamanin B. F. Skinner sun nuna cewa ɗabi'ar da ke cin riba jefi-jefi ta fi wuyar bari a kan wadda ke cin riba kullum, domin mai ita ba ya sanin yaushe za ta biya, sai ya yi ta gwadawa. Dokar da ake bi yau a yi watsi da ita gobe irin wannan horo take ba yaro ba tare da kowa ya yi niyya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke ɗaukar asarar kuma shi ne malamin da ya tsaya kan ƙa'ida, don shi zai zama mugu a idon yara, sai kuma sabon malami, wanda bai san wace doka ce ta gaske ba, wacce ce ta jikin allo kawai.

A Amurka, masana a Jami'ar Oregon, musamman Rob Horner da George Sugai, sun mayar da wannan fahimta tsarin aiki tun daga ƙarshen shekarun 1980. Asalin aikin a kan yara masu buƙata ta musamman aka fara shi, waɗanda ake yawan warewa ko kora saboda halayyarsu. A 1997 aka yi wa dokar ilimin yara masu nakasa ta ƙasar kwaskwarima, aka shigar da batun hanyoyin ƙarfafa kyakkyawan hali, a 1998 kuma gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin cibiyar da ke koya wa makarantu tsarin, wanda aka fi sani da PBIS. Makarantu sama da 25,000 a Amurka sun yi aiki da shi, ya kuma isa ƙasashe irin su Ostiraliya da Holan da Kanada. An aro siffarsa daga fannin kiwon lafiyar jama'a, hawa uku. Hawa na farko na kowa da kowa ne: a zaɓi halaye uku zuwa biyar da ake so, a faɗe su da lafazin abin da za a yi, ba abin da aka hana ba, a koyar da su kamar yadda ake koyar da kowane darasi, a aji, a farfajiya, a bakin ƙofa. Ana sa ran wannan ya wadatar da kusan kashi 80 cikin 100 na ɗalibai. Kusan kashi 15 za su buƙaci ƙarin kulawa a ƙananan rukunai, kusan kashi 5 kuma sai an yi wa kowannensu tsari na kansa. Waɗannan alƙaluma ma'auni ne na aiki, ba ƙaddara ba, kuma amfaninsu shi ne su faɗakar. In rabin makaranta na zarya ofishin ladabtarwa, to ba yaran ne suka lalace lokaci guda ba, hawa na farko ne bai kafu ba.

An gwada tsarin gwaji mai tsauri. Catherine Bradshaw da abokan aikinta sun bi makarantun firamare 37 a jihar Maryland tsawon shekara biyar, 21 aka horar da su, 16 aka bar su yadda suke, kuma ƙuri'a ce ta raba su. Makarantun da aka horar sun sami raguwar dakatar da ɗalibai da raguwar tura su ofis. Wani abin da ya fi jan hankalina shi ne, ma'aikatan makarantun sun ba da rahoton kyautatuwar yanayin aikinsu da dangantakar da ke tsakaninsu. Wato an shiga don gyara yara, sai ga shi manya ma sun sami sauƙi.

Duk wannan gini a kan kwamiti ya tsaya, kuma a nan ne makarantu suka fi yin tuntuɓe. Da an ce kwamitin ɗa'a, abin da ke faɗo wa mutane shi ne kotu: manya a jere bayan tebur, yaro a tsaye kai sunkuye, a karanto laifi, a yanke hukunci. Wannan yana da ranarsa, domin akwai laifin da dole a zauna a kansa. Amma kwamitin da ake magana a nan aikinsa daban ne. Abin da ke gabansa shi ne halayyar manya: me muka ce muna so, mun koyar da shi kuwa, muna mayar da martani iri ɗaya in an saɓa, ina ne muke barin yara ba mai duba su? Da zarar zaman ya koma ambaton sunayen yara ɗaya bayan ɗaya, kowa na ba da labarin abin da wane ya yi masa, an sauka daga layi. Za a tashi kowa ya huce, amma ranar Litinin babu abin da zai sauya.

Su wa ya kamata su zauna? Ba a so su yi yawa, mutum shida zuwa takwas sun isa, in sun wuce haka taro ya zama na jawabi. Dole a sami wanda ke da ikon taɓa jadawali da kuɗi, shugaban makaranta ko mataimakinsa, in ba haka ba kwamitin zai yi ta yanke shawarar da ba mai zartarwa. Sai malaman aji daga matakai daban-daban, da malamin ba da shawara ko wanda ya san harkar yara masu buƙata ta musamman. Sai kuma mutanen da aka fi mantawa da su: maigadi, mai shara, direban motar makaranta, masu kula da wurin cin abinci. Faɗa da cin zali da zagi sun fi aukuwa a wuraren da babu malami, a lungun bayan azuzuwa, a layin banɗaki, a cikin mota, a 'yan mintunan da ke tsakanin fitar wannan malami da shigowar wancan. Waɗannan ma'aikata su ne idon makaranta a can. Makarantar da ta rubuta ƙa'idojinta ba tare da su ba, ta rubuta ƙa'idar rabin yini ne.

Akwai sharaɗin da masu tsarin PBIS suka daɗe suna nanatawa: kada a fara sai aƙalla kashi 80 cikin 100 na ma'aikata sun amince za su bi. Wasu shugabanni na ganin wannan ɓata lokaci ne, tun da suna da ikon ba da umarni. Umarni yana sa a manna takarda a bango. Ba ya sa malamin da ya gaji a darasin ƙarshe ya tsaya ya tuna wa yaro ƙa'ida cikin ruwan sanyi maimakon ya daka masa tsawa ko ya kau da kai. Kwamitin bai kamata ya rubuta dokoki a ɗaki ya fito da su a gama ba. Ya kawo daftari gaban kowa, a yi gardama, a soke, a gyara. Muhawarar da ta fi zafi, kuma ta fi amfani, ita ce ta raba laifuffuka gida biyu: wanne malami zai magance a ajinsa, wanne zai tura ofis? Surutu, rashin kawo littafi, tsokana, na aji ne. Duka, barazana, sata, na ofis ne. A tsakani akwai abubuwa da dama da za a ga malamai biyu masu shekaru ashirin a bakin aiki sun yi hannun riga a kansu, misali me ake nufi da rashin kunya. Gara a yi wannan saɓani a ofishin malamai da a bar yara su gano shi da kansu.

Sai batun bayanai. Ba kwamfuta ake nufi dole ba, rajista ma ta isa, muddin duk lokacin da aka tura yaro ofis an rubuta abu biyar: me ya faru, a ina, ƙarfe nawa, wace rana, wane ne. A ƙaddara zaman kwamiti ne na wata. Wani malami ya buɗe da cewa, "Gaskiya 'yan aji biyu sun lalace, sai an ɗauki mataki." Kowa ya gyaɗa kai. Malamar da aka ɗora wa duba rajista ta ce, "Malam, na tattara na makon huɗu. Fiye da rabin rahotannin aji biyu ture-ture ne, kuma kusan duk a matattakalar bene suka faru, daidai lokacin dawowa daga hutun rabin rana." Ɗakin ya yi shiru. Maigadi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai lokacin ne manyan aji ke saukowa zuwa filin wasa, sai su haɗu a tsakiya." Magana ta tashi daga lalacewar yara ta koma kan matattakala mai faɗin mutum biyu da azuzuwa huɗu ke bi lokaci guda. Maganin kuma ya zama mai arha: a jinkirta fitowar rukuni ɗaya da minti uku, a sa babba ɗaya a kan bene, a fito da yaran gobe da safe a nuna musu ta wane gefe ake hawa, ta wane ake sauka. A rubuta wa zai yi me, zuwa yaushe, a dawo wata mai zuwa a duba rajista ko adadin ya sauka. In bai sauka ba, tambaya ta farko ita ce, mun yi abin da muka ce za mu yi kuwa? Sau da yawa amsar a'a ce, wanda aka sa a kan bene ya tsaya kwana biyu ya daina.

Irin wannan zama ba ya faruwa da kansa. Masu binciken Oregon sun tsara masa hanya, inda kowane zama ke da mai jagoranci, da mai rubuta abin da aka yanke, da mai duba bayanai kafin a zo. Abu ne mai kama da ƙa'idar ofis marar daɗi, amma duk wanda ya taɓa zama taron malamai na awa biyu da aka tashi ba a san me aka cimma ba, ya san darajarsa.

Ga yaran da hawa na farko bai ishe su ba, aikin haɗin gwiwar ya fi fitowa fili. Tambayar da ake farawa da ita ita ce, me wannan hali ke samar wa yaron? Galibi ɗayan biyu ne, ko yana neman wani abu, kamar kulawar babba ko dariyar abokai, ko yana gudun wani abu, kamar aikin da ya fi ƙarfinsa. Yaron da ke ta da hargitsi duk lokacin da aka ce a yi karatu a bayyane, aka kore shi waje, ya sami abin da yake so: ya tsira daga kunyar tuntuɓe a gaban 'yan ajinsu. Hukuncin ya zame masa lada. Malami ɗaya ba zai iya gano wannan ba, sai an jera abin da ke faruwa a darussa daban-daban an ga inda halin ke tashi da inda yake kwanciya. In aka gano, maganin na iya kasancewa a hannun mai koyar da karatu, ba a hannun mai ladabtarwa ba.

Wata dabara da ta yi suna a hawa na biyu ita ce katin safe da yamma. Yaro ya iso, ya fara biyawa wurin wani babba da suke shiri, ba lallai malaminsa ba. "Ina kwana, Malama." "Lafiya lau, ɗana. Ka zo da biro? Yau me muke nema?" Ta ba shi kati mai ɗauke da halayen nan da makaranta ta zaɓa. Ƙarshen kowane darasi malami ya sa masa maki, sifili ko ɗaya ko biyu, ya faɗa masa dalili a cikin jimla guda. Da yamma ya koma wurin Malama su tara, a ga ko ya kai makin da aka sa masa, galibi kashi 80 cikin 100, ya tafi da katin gida a sa hannu. Ba wani abin mamaki a ciki. Ƙarfinsa shi ne, manya shida ko bakwai sun yi wa yaro magana iri ɗaya a yini ɗaya, kuma ya fara ranarsa da fuskar da ta yi murnar ganinsa. Rauninsa ma nan yake. Malami ɗaya ya mayar da katin abin gori, ko biyu su riƙa mantawa, shi ke nan ya rushe.

To, in abin haka yake a fili, me ya sa yake wuya? Domin yana buƙatar malami ya faɗi a gaban abokan aikinsa cewa aji kaza ya fi ƙarfinsa. Aikin koyarwa, kamar yadda masanin zamantakewa Dan Lortie ya bayyana a 1975, aiki ne na kaɗaici: kowa ya rufe ƙofarsa, ba mai ganin yadda wani ke yi. A irin wannan yanayi, iya riƙe aji shi ne mutuncin malami, neman taimako kuma tamkar tona wa kai asiri ne. Anthony Bryk da Barbara Schneider sun yi nazarin ɗaruruwan makarantun firamare a Chicago a shekarun 1990, suka gano cewa makarantun da amana ta yi ƙarfi tsakanin manyansu na da damar ɗaya cikin biyu ta samun ci gaba a karatu da lissafi, waɗanda amana ta yi rauni kuwa ɗaya cikin bakwai. Amanar da suke nufi ba zumunci ba ne ko zuwa bikin juna. Girmamawa ce, da yarda cewa abokin aiki ya san aikinsa, da damuwa da halin da yake ciki, da cika alkawari.

Wani bincike daga wajen fannin ilimi ya ƙara haske. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard, tana nazarin ma'aikatan jinya a asibitoci a shekarun 1990, ta tarar cewa rukunan da suka fi kyakkyawan shugabanci su suka fi ba da rahoton kurakurai. Ba don sun fi yin kuskure ba, sai don ba sa tsoron faɗa. Wannan darasi ne kai tsaye ga shugaban makaranta. Ranar da ya ɗauki rajistar ladabtarwa ya ce, "Malam wane, kai ka fi kowa turo yara, me ke damun ajinka?" a gaban jama'a, daga ranar rahotanni za su ragu. Zai ɗauka an sami ci gaba, alhali malamai sun koma haɗiye matsalarsu ne, ko suna magance ta ta hanyar da ba za su so a gani ba. Ƙarancin rahoto ba kullum ne alamar lafiya ba.

Sai lokaci. A ganina nan ne ake gane ko shugaba da gaske yake. Kwamitin da aka ce ya riƙa haɗuwa in an tashi, bayan kowa ya gaji, ko in an sami sarari, ba zai kai zango na biyu ba. Aƙalla sau ɗaya a wata, a cikin lokacin aiki, a rubuce a jadawali, kuma a rage wa mai duba bayanai wani nauyin. Masanin ilimi Andy Hargreaves ya yi kashedi tun farkon shekarun 1990 game da haɗin kai na dole, wanda hukuma ke ƙaƙaba wa malamai: a tara su a ɗaki, a ba su ajanda, a kira shi aiki tare. Alamarsa ita ce duk abin da kwamitin zai yanke an riga an yanke shi a ofishin shugaba. Malamai ba yara ba ne, zama biyu ya ishe su ganewa.

Akwai suka da ya kamata a saurara. Wasu malamai na cewa daidaita baki yana kashe basirar mutum, kowa da salon da ya karɓe shi. Suna da gaskiya ta wani ɓangare. Abin da ake so ya zama ɗaya kaɗan ne: ƙa'idojin, da matakin da ke biyo bayan saɓa su, da lafazin da ake tunatarwa da shi. Barkwanci, murya, yadda ake jan yara a jiki, wannan na kowa ne. Rahoton da Tom Bennett ya rubuta wa ma'aikatar ilimi ta Ingila a 2017, da jagorar da EEF, wata gidauniyar binciken ilimi ta Ingila, ta fitar a 2019, sun bambanta da tsarin Amurka a wasu wurare, Bennett ya fi karkata ga tsauri, amma duk sun haɗu a kan cewa abin da ake yi a makaranta ya zama iri ɗaya daga aji zuwa aji. Wasu kuma na sukar yawan kyaututtuka, tikiti da tauraro da makamantansu. Nazarin da Edward Deci da abokan aikinsa suka yi a 1999, wanda ya tattara gwaje-gwaje 128, ya nuna cewa ladan abin hannu na iya rage sha'awar da mutum ke da ita ta yin abu don kansa, alhali yabon baki bai nuna wannan illa haka ba. Ni dai ina ganin kwamitin da ya shafe zamansa yana tsara kantin kyaututtuka ya bar jaki yana dukan taiki. Jimla ɗaya da ta ambaci abin da yaro ya yi daidai ta fi tikiti goma.

Suka mafi nauyi ita ce ta bayanan kansu. Rajista ba ta rubuta abin da yaro ya yi, tana rubuta abin da babba ya ga ya isa a rubuta. Alƙaluman da ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar a 2014 sun nuna ana dakatarwa ko korar ɗalibai baƙar fata ninki uku na farare. Kafin nan, a 2008, wani kwamiti na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ya duba manufar nan ta ba sani ba sabo, wadda ke yanke hukunci mai tsanani kai tsaye ba duba dalili, ya ce babu hujjar da ta nuna ta sa makarantu sun fi aminci. Kowace al'umma da irin yaran da ido ya fi saurin sauka a kansu, ko don talauci, ko harshe, ko nakasa, ko sunan da yayyensu suka bari. Kwamitin da ya san aikinsa yakan rarraba rahotannin ya ga su wa ake yawan turowa, kuma da wane laifi. In laifin irin wanda ake gani ne ƙuru-ƙuru, kamar duka, wannan daban. In kuwa irin na fassara ne, kamar raini ko kallon banza, kuma rukuni ɗaya ne ke ta shan sa, to tambayar ta dawo kan masu rubutawa. Zama ne marar daɗi, kuma ba a iya yin sa inda babu amanar da aka ambata.

Iyaye da ɗalibai fa? Kusan kowace takarda na cewa a sa su, kusan kowace makaranta kuma na sa su don cika ƙa'ida. Uwa ɗaya a cikin malamai bakwai ba za ta yi magana ba sai an tambaye ta abu takamaimai. Abin da ya fi tasiri shi ne kada kiran farko da iyaye za su samu daga makaranta ya zama na ƙara. Ɗalibai kuwa, a ba su taswirar makaranta a ce su sa alama inda ba sa son bi su kaɗai. Cikin kwata ɗin awa za su nuna abin da rajista ba ta nuna ba a zango guda. Sai dai in zama ya kai ga batun yaro ɗaya da sirrin gidansu, wannan na ƙaramin rukuni ne, ba na kowa ba.

Masu tsarin kan ce yana ɗaukar shekara uku zuwa biyar kafin ya kafu, kuma a cikin wannan lokaci malamai na tafiya, shugaba na iya sauyawa. Akwai kwamitocin da suka mutu don mutum ɗaya ne ke ɗauke da su, aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da komai a kansa. Binciken Kent McIntosh da abokan aikinsa a kan abin da ke sa tsarin ya ɗore ya nuna cewa yawan duba bayanai da kwamiti ke yi, da kai su gaban sauran ma'aikata, na cikin abubuwan da suka fi hasashen ɗorewa. Shi ya sa ake juya muƙaman kwamitin duk shekara ko biyu, a ajiye rubutaccen abin da aka yanke inda kowa zai iya ɗauka, a kuma ware yini a farkon kowace shekarar karatu don sababbin ma'aikata, har da maigadi da direba, a zagaya da su matattakala da farfajiya da bakin ƙofa a nuna musu abin da ake cewa a kowane wuri, kafin yara su dawo hutu.